Wasiƙar Tarhon Hajiya Uwa

A Ƙofar Jatau babu wanda bai san Malam Tanko Masinja ba, don ko ba ka neme shi ba muryarsa za ta same ka. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan, da ya yi ritaya kuma sai ya dawo unguwa da imanin cewa duk takardar da ta bi ta hannunsa ta bar masa iliminta. Turancinsa bai wuce na karanta adireshi ba. Amma in ya zauna a bencin ƙofar shagon Sani Tela, sai ka ji yana cewa shi ko ido a rufe yana gane takardar hukuma. Ya ce akwai ranar da ya shinshina wata takarda ya gano ta jabu ce, har Sakatare ya miƙe tsaye ya ba shi hannu. Sani Tela, wanda ya ji labarin ya fi a ƙirga, yakan ce bara da aka ba shi labarin Sakataren a zaune yake.

A shekarar 1994 'yan damfara suka shigo Birni da sabon salo. Wani Alhaji a Ƙofar Kuyambana ya sami wasiƙa cewa an ba shi layin tarho. Mutum biyu suka zo da rigar aiki, suka karɓi abin da suka karɓa, suka ajiye masa jan tarho a falo suka ce ya jira kwana uku. Da kwana uku suka zama mako uku aka bi wayar, aka tarar an ɗaure ƙarshenta a jikin wata ƙusa a bayan katanga. Malam Tanko ya yi wata guda cur yana cewa da shi aka kawo wa wasiƙar nan da tuni ɓarayin suna kurkuku.

Ana cikin haka wata Asabar Hajiya Uwa ta fito da ambulan a hannu. Dattijuwa ce mai kamun kai, gidanta na kallon shagon Tela. Shekara bakwai ke nan da marigayi mijinta ya cike fom ɗin neman tarho, bai kai ga gani ba. 'Yarta guda, Binta, tana aure a Fatakwal, kuma a lokacin tana da tsohon ciki. Duk ƙarshen wata Hajiya kan shiga mota zuwa Sabon Gari ta bi dogon layi don ta ji muryarta na 'yan mintoci, in ma an dace wayar ta shiga.

Sani Tela ya karanta mata. Wasiƙar ta ce ta fito daga ofishin tarho, an ba ta layi, ma'aikata za su zo ranar Laraba, ta adana takardar ta nuna musu. In kuwa ba a samu yin aikin ranar ba, za a ba na bayanta. A ƙasa an sa hannu da biro, an buga hatimi, an rubuta lambar da mai tambaya zai kira.

Hajiya ta yi hamdala, sannan ta tuna da Alhajin Ƙofar Kuyambana. Ta ce ko dai ranar Litinin ta je ofishin da kanta ta tambaya. Tela ya ce hakan shi ne daidai.

Kafin ya rufe baki Malam Tanko ya fizge takardar. Ya ce zuwa ofis shi ne babban kuskure, don irin waɗannan mutane suna da 'yan leƙen asiri a bakin ƙofa, da sun gan ta za su sha jinin jikinsu su gudu. Shi kuwa ba gudu yake so su yi ba, so yake ya kama su da hannunsa a gaban jama'a.

"Hajiya, ki koma gida ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Allah ne Ya so ki da Ya ajiye ni kusa da ke."

Hajiya ta ce ita dai a lallaɓa mata takarda. Ya ce takarda a hannunsa ta fi jariri a bayan uwarsa samun kulawa. Ta shige gida tana waiwaye.

Gwajin farko na rana ne. Ya ɗaga takardar sama ya ƙura mata ido, ya ce ta gaskiya in an haska akwai abin da ke fitowa. Tela ya tambaye shi mene ne abin. Ya ce sirrin gwamnati ne. Ya daɗe yana kallo har idonsa ya kawo ruwa, ya sauke yana ganin ɗigo-ɗigo, ya ce ga alamu nan sun fara bayyana.

Na biyu na hanci ne. Ya shinshina gaba, ya shinshina baya, ya ce yana jin ƙamshin daddawa, kuma ba a cin daddawa a ofis. Tela ya ce Hajiya miya take kaɗawa lokacin da aka kawo mata.

Na uku shi ne babba. Ya ce hatimin hukuma ba ya jin ruwa, ko cikin kogin Kubanni ka jefa shi haka zai fito. Tela ya roƙe shi ya bar wannan. Malam Tanko ya ɗauki buta, da nufin ya ɗiga ɗigo ɗaya. Murfin butar ya faɗo, rabin ruwan ya biyo shi. Hatimin ya narke ya gangara, ya haɗu da sa hannun, su biyun suka gangara kan lambar waya.

Malam Tanko ya waiwaya, ya ga mutum uku sun riga sun tsaya kallo. Sai ya ɗaga takardar tana ɗiga ya ce, "Kun gani ko? Na faɗa."

"Mun ga ka jiƙa wa baiwar Allah takarda," in ji Tela.

"Busarwa ba wuya ba ce."

Ya shiga shagon ya ɗauki dutsen guga mai gawayi wanda Tela ya hura don kaftanin wani ango. Ya ɗora a kan takardar, ya juya yana yi wa masu kallo bayanin yadda Turawa ke haɗa tawada. Ƙauri ne ya katse shi. Da ya ɗaga, siffar dutsen gugar ta fito a tsakiyar wasiƙar, baƙa ƙirin, gefe guda kuma ya bi dutsen. Ya naɗe abin da ya rage ya cusa cikin hula. Da Hajiya ta leƙo da la'asar ta tambaya, ya ce takarda tana wurin bincike mai zurfi, ba a fito da ita sai ranar Laraba.

Ranar Litinin ya sa babbar riga ya ja Tela zuwa wani kemis a Tudun Wada mai tarho. Tela ya ce tunda an fito, ofishin tarhon ma ba nisa, su ƙarasa mana. Malam Tanko ya ce mai bincike ba ya shiga ta ƙofar da kowa ke bi. Ya zaro ragowar takardar, ya kanne ido ɗaya ya karanto lambar da ruwa ya bari, ya juya tarho.

Wata mata ce ta ɗauka. Ya ƙara wa muryarsa kauri ya ce shi babban jami'i ne daga Kaduna, nan ne ofishin tarho? Matar ta ce a'a, nan gida ne, a Wusasa. Ya dubi Tela ya ɗaga gira. Ya tambayi sunanta, ta ce Ladi. Ya tambaye ta mutum nawa ne a ƙungiyarsu. Ta ce in ƙungiyar mata ta coci yake nufi, sun kai arba'in. Ya rufe bakin tarhon da tafi ya raɗa wa Tela cewa abin ya fi yadda ya zata girma. Ya ce mata asirinsu ya tonu. Ta kashe. Ya sake kira, ta kashe. A karo na uku ta gaya masa wata magana da ta sa ya nisantar da tarhon daga kunnensa.

A hanyar dawowa ya ce yanzu ba sauran shakka. Tela ya ce ko dai lambar ce ya karanta ba daidai ba. Malam Tanko ya ce shi da ya shekara ashirin da biyu yana karanta lambar ƙofofi ba za a koya masa lamba ba.

Tela ya ƙi shiga shirin kamun, don haka Malam Tanko ya nemo wasu leburori biyu, Mamman da Inuwa, 'yan ƙauye da suka shigo yaɓen katangar maƙwabta. Ya gaya musu aikin hukuma ne, kuma in an gama za a ambaci sunansu a rediyo. Suka ce to.

Ranar Laraba da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a bakin lungu, don ba za ta iya shiga ba. Mutum biyu suka fito, ɗaya da tsani a kafaɗa da ɗamarar kayan aiki, ɗayan kuma, direban motar, da naɗin waya. Mai tsanin ya yi sallama, ya ce sunansa Mustapha, gidan Hajiya Uwa suke nema. Malam Tanko ya tarbe su da fara'ar da ba a taɓa gani a fuskarsa ba. Ya nuna wa Mustapha falwayar da ke bakin hanya, ya ce wa ɗayan ya shiga zaure ya ajiye kaya ya sha ruwa.

Mustapha ya kafa tsani ya hau, ya taka ƙarafan da ke jikin falwayar, ya ɗaura ɗamara ya soma aiki. Malam Tanko ya yi tari sau biyu, alamar da suka shirya ke nan. Mamman da Inuwa ba su motsa ba, don tun safe yake tari. Sai da ya ce da ƙarfi, "Tarin nan na alama ne," sannan suka ruga suka janye tsanin. Shi kuma ya ja ƙofar zaure ya danna kwado.

Nan ya tsaya tsakiyar lungu ya shiga shelar an kama su. Kafin ka ce me wuri ya cika. Masu facin keke, masu kayan miya, dattawan da ke jiran azahar, kowa ya zo. Malam Tanko ya gyara hula ya soma ba da labari tun daga gwajin rana.

Mustapha ya leƙo daga sama ya ce, "Baba, lafiya? Ku maido mini da tsani."

"Ka tambayi Ladi ta Wusasa ta kawo maka."

"Wace Ladi?"

"Ji shi. Haka suke yi."

Mustapha ya ciro katin shaida ya miƙo ƙasa. Malam Tanko ya ce daga nan ba ya gani, kuma ko ya gani kati ba abin da ya fi shi sauƙin bugawa. Can sai aka ji ana dukan ƙofar zaure daga ciki, kuma ba da hannu ɗaya ba. Muryar Hajiya Uwa ce ta fito tana tambayar wanda ya kulle ta a gidanta.

Tela ya matso ya ce, "Malam Tanko, in mutumin nan ɓarawo ne, ai ka kulle shi tare da mai kayan."

Jama'a suka yi dariya. Malam Tanko ya ce wannan ma cikin dabara yake. Ya laluba aljihu don ya buɗe, sai ya tuna kwadon na tsohuwar akwatinsa ne, makullin ya ɓata tun kafin ya yi ritaya. Ya ce a bar su tukuna, tsaro ya fi.

Shi kuwa Mustapha sai ya zaro wata 'yar waya mai igiya biyu daga ɗamararsa, ya maƙala a jikin layin, ya juya lamba, ya kara a kunne. Kowa na ji yana cewa, ranka ya daɗe, muna Ƙofar Jatau, wani dattijo ya ɗauke tsani ya kulle direba.

Wani tsoho ya ce shi dai bai taɓa jin ɓarawon da ke kiran a zo a same shi ba. Malam Tanko ya ce wasan kwaikwayo ne, ba kowa a kan layin, ai haka aka yi wa na Ƙofar Kuyambana. Yana cikin faɗa 'yar wayar ta yi ƙara a sama. Mustapha ya ɗauka ya ce ƙwarai, kusa da shagon tela.

Mamman da Inuwa suka dubi juna, suka jingine tsanin a bango a hankali, suka koma kan yaɓensu kamar ba su taɓa barinsa ba.

Ba a yi rabin awa ba wata farar mota mai tambarin ofis ta iso. Wani mutum mai tabarau ya fito, ya ce shi ne shugaban sashen. A lokacin an riga an samo guduma an fasa kwadon. Hajiya ta fito da mayafi a karkace, direban na biye da ita da kofin ruwa har yanzu a hannunsa. Shugaban ya gaishe ta da ladabi ya nemi wasiƙar. Ta nuna Malam Tanko.

Ya cire hula. Abin da ya fito daga ciki ya sha ruwa, ya sha wuta, ya kuma kwana huɗu yana shan gumi. Shugaban ya riƙe shi da yatsa biyu. Malam Tanko ya yi maza ya ce kafin a yi maganar takarda, a bayyana wa jama'a dalilin da lambar ofis take shiga gidan wata Ladi a Wusasa.

Shugaban ya kusantar da takardar ga tabaransa. Ya ce wannan uku ce, ruwa ya mai da ita takwas. Sannan ya sauke tabaran ya dubi Malam Tanko da kyau.

"Ashe kai ne babban jami'i daga Kaduna. Matar nan malamar jinya ce mai ritaya. Jiya ta zo ofis da kanta ta kawo ƙara."

Dariyar da aka yi har cikin gidaje an ji ta. Hajiya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta tambaya da murya ƙasa-ƙasa ko yanzu shi ke nan layin ya wuce ta. Shugaban ya ce sunanta na cikin rajista, za a yi mata aikinta yau. Ya juya ga jama'a ya ce masu damfara suna nan da gaske, amma wanda ya sami takarda yana shakka ya zo ofis da ita ya tambaya, ko ya nemi lambar ofis a littafin tarho, ba sai an dafa takardar ba.

Da Malam Tanko ya yi shiru a nan, da abin ya tsaya. Amma ya ga idanu a kansa, ya ji ba zai iya komawa benci haka ba. Ya ce duk da haka shi har yanzu bai ga katin wancan na saman ba, kuma bincike ba ya cika sai da kati.

Mustapha ya ce gaskiya ne, kuma shi ba zai sauko ba sai Baba ya hau ya duba da idonsa, kada a ce an musanya katin a hanya. Jama'a suka ce wannan adalci ne. Tela da kansa ya kafa tsanin ya riƙe.

Malam Tanko bai taɓa hawa abin da ya fi kujera tsawo ba. Ya naɗe babbar riga ya soma hawa yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Da ya kai ƙarshen tsani, Mustapha ya ce ya ƙara matsowa, rubutun ƙanana ne. Ya ɗora ƙafa a kan ƙarfe ɗaya, ya ɗora ɗayar, ya rungume falwaya. Mustapha ya sa masa katin a gaban hanci, ya zagaya masa ɗamarar ya ɗaure shi tam don kada ya faɗi, ya zamo ta ɗaya gefen ya bi tsani ya sauka. Sannan ya saɓa tsanin a kafaɗa ya ce da shi zai kai waya kan katangar Hajiya.

Malam Tanko ya leƙa ƙasa sau ɗaya, bai sake ba. Ya ce ya duba kati, kati mai kyau ne, a kawo tsani. Aka ce ana aiki da shi. Iska ta ɗauke hularsa ta jefa kan rufin wani gida. Takalminsa ɗaya ya faɗo, wani ya ɗauka ya ajiye a gindin falwayar. Aka kira azahar, jama'a suka tafi masallaci suka dawo, yana nan. Da wani ya tambaye shi me yake hangowa, ya ce ya roƙe shi don Allah ya kira Hajiya.

Hajiya kuwa tana ɗaki. An jona tarho, an gwada, an juya mata lambar Fatakwal, kuma a karon farko ta shiga. Mijin Binta ne ya ɗauka, ya ce tun jiya suke neman yadda za su sanar da ita, an sauka lafiya, mace ce. Hajiya ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ta yi dariya, ta sa aka kara wa jaririyar tarho. Tela ya yi sallama daga zaure ya ce Malam Tanko na roƙon ta sa baki a sauke shi. Ta ce ta ji, bari ta gama tambayar wa yarinyar ta ɗebo.

Sai da ta gama tsaf ta fito ta ce a taimaka masa. Mustapha ya hau ya kwance shi, ya sauko da shi taki ɗaya-ɗaya. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya zauna daɓas a gindin falwayar. Hajiya ta aiko masa da kunun zaƙi a kwano, ya shanye bai ɗago kai ba.

Kwana biyu ba a gan shi a benci ba. A na uku ya fito da sabuwar hula, ya tarar da wani baƙo yana jiran ɗinki yana yaba sabuwar wayar da ta ratsa lungu. Malam Tanko ya zauna, ya gyara riga, ya ce ai aikin ya yi kyau ne don an sami mai sa ido. Ya ce yaran yanzu in ba ka tsaya a kansu ba sai su yi maka aika-aika, shi ya sa ranar ya hau can sama da kansa, ya yi awa biyu yana duba su, bai yarda ya sauko ba sai da ya ji waya ta shiga.

Baƙon ya ce lallai Malam ya yi ƙoƙari. Ya juya ya tambayi Tela ko haka aka yi.

Tela bai ɗago daga kan keken ɗinki ba. Ya ce, "Awa biyu da kwata ne."